Wane Bayan?

Shekara huɗu ke nan ina rubuta kundi
a kan abin da masana ke kira bayan mulkin mallaka.
Ran da na faɗa wa Inna, ta ajiye tsintsiya ta ce,
"Wane bayan? Na wucewa ko na goyo?"
Har yau ban sami shafin da zan sa tambayar ba.

Da safe nakan hau bas a Kawo,
littafin Faransanci a cinyata, bangonsa ya sha gumi.
A ciki akwai wani mutum a Faris
da ba shi da sana'a sai yawo,
yana leƙa gilasan kantuna, yana ƙirga fitilu,
kaɗaici na cin sa a tsakiyar taro,
wai daga nan zamani ya soma.
Na ɗaga kai. Kwandasta na lilo a ƙofa da hannu ɗaya,
"Kasuwa, Kasuwa, saura mutum biyu!"
alhali mun cika har kan inji.
A garin nan in ka tsaya kallon gilashi
sai an tambaye ka wa ya aiko ka.

Da igiya aka ja titunan nan.
Bature ya auna: nan bariki, nan 'yan jirgin ƙasa,
can kuma sauran jama'a.
Ya tafi ya manta igiyar.
Mu muka tsince ta, muka shimfiɗa ta bisa kogi,
yanzu mai neman haya sai ya faɗi sunansa
kafin a san gefen gadar da zai kwana.

Baba ya yi shekara ashirin da uku a masaƙar Kakuri.
Babi na uku ya ce "durƙushewar masana'antu."
Shi Baba cewa yake, ran da jiniya ta yi shiru.
Yadin da ke jikina daga Sin ya zo.

Dokta Kuyet ya zagaye sakin layi da jan biro:
"Ina madogara? Wa ya faɗi wannan kafin kai?"
Na ce Inna.
Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa,
ya ce kakarsa a Zonkwa ta taɓa faɗin makamancinsa,
sai dai masu jarrabawa ba su san ta ba.

Bayan isha'i, teburin shayin Laminu ɗan Tasawa,
Tudun Wada, kusa da mai faci.
Ya ga littafin, ya share hannu a riga,
ya buɗe tsakiya ya karanta layi uku
harshensa bai yi tuntuɓe ba,
har ya gyara mini kalmar da na shekara ina karyawa.
Ya ce a lakwal aka ɗura musu,
wanda ya yi Hausa a aji, a rataya masa ƙashi a wuya
ya yini da shi sai wani ya yi suɓul da baka.
Ni kuɗi na biya na koya, da rasit.
Malaminsu mushe suke ce masa.
Na ce mu a nan mushe ba a ci.
Ya yi dariya har shayin ya kauce wa kofi,
sannan ya ce, "Shi mai yawon nan na littafi,
wa ke ba shi abinci?"

Na duba. Shafi ɗari uku da goma sha biyu.
Ba a faɗa ba.

An ɗauke wuta, janareton maƙwabci ya kama tari.
Da fitilar waya na buɗe shafin godiya
inda na ajiye sunan Inna tun bara.
Na goge shi daga can,
na kai shi babi na ɗaya, layin farko,
ita da tsintsiyarta da tambayarta.
Jan biron Dokta sai ranar Litinin.